Na'ura Ba Lafiya a Garin Lafiya

Waɗanda suka yi wayo a zamanin disfensare za su tuna yadda mutanenmu suka ɗauki allura. Ko ciwon kai ne, ko ciwon ciki, ko kasala ce kawai irin ta damina, muddin malamin asibiti bai soka wa mutum allura ba, to, a ganinsa ba a fara yi masa magani ba tukuna. A zamanin nan kuwa an sami wata sabuwar allura, amma ta kwamfuta, ita ce abin da samari ke kira fomatin, watau a share babbar manhajar da ke tafiyar da na'ura a zuba mata sabuwa. In ta yi nauyi, fomatin. In ta kamu da ƙwayar cuta, fomatin. In sauti ya ɗauke, nan ma fomatin. Sau da yawa maganin ya kan ci, shi ya sa ya karɓu. Amma akwai ranar da a kan yi allurar majiyyaci ya kasa tashi sam, kuma a kan irin wannan rana na ke so mu tattauna a wannan mako, domin na ga abin da idona, na kuma tabbata a gidaje da yawa ana nan ana kuka da shi.

Ni dai tsohon ma'aikacin gwamnati ne, ina cikin waɗanda suka kwaso fayil-fayil daga Jos zuwa Lafiya bayan da gwamnatin Janar Sani Abacha ta yanke Jihar Nasarawa daga Jihar Filato ran 1 ga watan Oktoba, 1996. Yawancin shekarun aikina a ofishin rajista na yi su, inda a ke karɓar takardu a ba su lamba a adana. A lokacin nan tafireta ce sarauniyar ofis, ita kuwa ciwonta a fili ya ke, ko zaren tawada ya bushe, ko wani harafi ya maƙale, ka sa yatsa ka ɓamɓaro shi aiki ya ci gaba. Da kwamfuta ta shigo ofisoshinmu sai aka tura mu kwas muka koyi abin da ya sawwaƙa, ni kuma da ya ke ina da karambani na ɗan ƙara da karance-karance bayan na yi ritaya. Ban zama injiniya ba, amma in masu gyara suna magana na kan tsinci abin da su ke nufi.

Lafiyar da muka tarar a 1996 da ta yau akwai tazara mai yawa. Garin da Muhammadu Dunama da jama'arsa Barebari suka kafa, wanda aka fi sani da doya da riɗi da agushi da tashar jirgin ƙasa, yanzu ya cika da ɗalibai. Ga Jami'ar Tarayya da aka buɗe a 2011, ga kwalejin kimiyya da fasaha mai ɗauke da sunan marigayi Sarkin Lafiya Isa Mustafa Agwai, ga kwalejin aikin gona. Tun 2015 kuma jarrabawar shiga jami'a ta JAMB ta koma kan kwamfuta ɗungum, saboda haka yaro tun bai bar sakandare ba ya san ba shi da mafita sai ya saba da ita. Kwamfutocin cinya da ke hannun 'ya'yanmu kuwa, in ka ɗebe na 'ya'yan masu hali, duk kwance ne. An more su shekara da shekaru a ofisoshin Ingila da Amurka da sauran ƙasashen Turai, kana aka loda su a jirgin ruwa zuwa Ikko, suka bi ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja ko ta Banex a Abuja, har suka iso kantunan da ke kan titin Jos da titin Makurɗi. Irin wannan ce ƙanwata ta sayar da tumakinta biyu ta saya wa ɗanta.

Yaron yana ajin ƙarshe a ɗaya daga cikin manyan makarantun garin nan, kuma binciken da aka ɗora masa don kammala karatu ya shafi matan da ke dafa gishiri a Keana, ƙasar Alago, sana'ar da suka gada kaka da kakanni. Rani guda ya yi yana zarya a kan babur, ya ɗauki muryoyin mata 11 da wayarsa, wasu da Hausa wasu da Alagonci, ya kuma ɗauki hotuna masu yawa. Akwai wata tsohuwa tukuf a cikinsu da ta kwashe kusan awa 2 tana bayyana masa yadda a ke kankaro ƙasa mai gishiri, a zuba ta a tukwane masu huji a tace da ruwa, a dafa ruwan har ya ƙafe, da yadda abin ya ke a zamanin kakarta sa'ad da fatake ke zuwa saye. Ba ta ga ƙarshen daminar da ta biyo ba Allah ya yi mata rasuwa. Da wayar ta cika sai ya kwashe kome ya zuba a kwamfuta, ya share na wayar. Ke nan muryar tsohuwar nan ba ta ko'ina a duniya sai a cikin faifan wannan na'ura.

Ana saura kwana 9 ya miƙa aikin, na'urar ta yi nauyi ƙwarai, sai wani abokinsa da ya ɗan iya hannu ya ce a kawo ya yi mata fomatin. A gaskiya yaron nan ya san wani abu, domin ya lura faifan a rabe ya ke, akwai yankin da manhajar Windows ta ke, wanda a ke kira C, akwai kuma yankin ajiya, watau D, inda muryoyin su ke, kuma bai taɓa D ba. Sai dai a jerin da ya bayyana a allo ya ga wani ɗan yanki na uku, wanda bai wuce megabayit 500 ba, ya ɗauka tarkacen masu na'urar na farko ne, ya share shi. Ya zuba sabuwar Windows 10 daga wani faifan waje da ya ke yawo da shi a jaka. Aiki ya yi kyau, na'ura ta tashi garau, har suka kalli ƙwallo a kanta da dare. Ya zare faifansa ya tafi, da asuba ya hau mota zuwa Makurɗi. Da safe ɗan ƙanwata ya danna makunni, fitila ta kama, fanka ta juya, tambarin kamfani ya fito, daga nan sai baƙin allo da layi guda na Turanci, mai cewa ba ta ga abin da za ta tashi daga gare shi ba.

Mai gyaran da ya fara kai wa ya shiga cikin saitin na'urar ya juya wannan ya juya wancan, ya kashe ya kunna, bai fi minti goma ba ya yanke hukunci. Ya ce ko dai faifan ya mutu a sayi sabo a kan N30,000, ko kuwa a share shi ƙaƙaf a sake zubi daga farko. Allah ya sa yaron ba shi da kuɗin a aljihu, kuma zuciyarsa ba ta kwanta da zancen sharewa ba. Bayan magariba ya shigo gidana da jaka a rataye, fuska a yamutse, ya durƙusa ya ce, "Kawu, an ce faifan ya mutu."

Na ce masa ya zauna ya ci tuwo tukuna. Abin da shekarun rajista suka koya mini shi ne, in aka ce fayil ya ɓata, sau tara cikin goma yana nan a kan kanta, kundin da ke nuna inda ya ke ne ya sami matsala. Ɗakin ajiya ya kan cika maƙil da takardu, amma in babban kundin rajista ya salwanta, sabon akawu zai rantse maka ba kome a ɗakin. Na kuwa san tashin kwamfuta ma a kan wannan ƙa'ida ya ke tafiya.

Bari in ɗan tsaya a nan, domin wanda ya fahimci wannan wuri ba za a yi masa ciniki da tsoro ba. Kwamfuta ba ta iya karanta faifanta sai da manhaja, manhajar kuwa a cikin faifan ta ke, kamar a ce mabuɗin ɗaki yana cikin ɗakin a kulle. Dabarar da masana suka yi ita ce, suka dasa wata 'yar ƙaramar manhaja a jikin allon na'urar kanta, wadda ba ta bukatar faifai, da an kunna ita ke fara farkawa. Sunanta BIOS, masu gyara na cewa bayos. Wani Ba'amurke mai suna Gary Kildall ne ya fara amfani da sunan a 1975, kana kamfanin IBM ya sa irinta a kwamfutarsa ta 1981, wadda kusan duk na'urorin da mu ke gani yau jikokinta ne. Aikin bayos kamar na masinja ne da ke riga kowa zuwa ofis. Ya duba ko kayan aiki suna nan lafiya, sa'an nan ya tafi wuri guda tak da aka koya masa, watau gaɓar farko ta faifai, ya karanta abin da ke rubuce a can ya bi umurnin.

Wannan gaɓa ta farko ita ce kundin rajistar, ana kiranta MBR, kuma tun 1983 a ke amfani da tsarinta. Abin mamaki, girmanta duka bayit 512 ne, bai kai rubutun rabin shafin wasiƙa ba. Bayit 446 na farko umurni ne, 64 na biye jadawali ne mai layi huɗu da ke faɗin inda kowane yanki na faifai ya fara da inda ya ƙare, biyun ƙarshe kuwa hatimi ne da ke shaida wa bayos cewa kundin na gaske ne. A cikin layukan nan huɗu akwai ɗaya da a ke yi wa alama cewa shi ne mai tayarwa. Can bayos zai nufa, ya tarar da wasu 'yan fayiloli waɗanda su kuma su ne suka san inda Windows ta ke kwance, su tashe ta. Sarƙa ce, kowace gaɓa ta san ta gabanta kaɗai. In aka cire ɗaya, sauran duka suna nan lafiya lau, amma na'ura ba za ta tashi ba, kuma saƙon da za ta rubuta iri ɗaya ne da wanda za ta rubuta in faifan ya ƙone ƙurmus. A nan ne masu gaggawa ke yin ɓarna, su kuma marasa tsoron Allah su ci kasuwa.

Daɗin daɗawa, tsarin ya kasu biyu a zamanin nan. Da faifai suka girma sai tsohon kundin ya gaza, domin ba ya iya lissafin abin da ya wuce terabayit 2, kuma manyan yankuna huɗu kaɗai ya ke ɗauka. Kamfanin Intel ya fara ƙera magaji, a 2005 manyan kamfanoni suka haɗu suka karɓe shi da sunan UEFI, shi kuma yana tafiya da sabon kundi mai suna GPT, wanda a Windows ke ɗaukar yankuna har 128, yana kuma ajiye kwafinsa a ƙarshen faifai saboda tsaro. Tun fitowar Windows 8 a 2012 sababbin na'urori da sabon tsarin su ke zuwa. To, na'urorin da aka ƙera a shekarun da suka biyo baya, waɗanda su ne suka cika kasuwanninmu, yawancinsu suna jin harshe biyu, ana iya saita su a tsohon tsari ko a sabo. Amma Windows ɗin da aka zuba bisa tsohon kundi ba ta tashi in an saita na'ura a sabon tsari, haka kuma akasinsa. Masinja ne aka aika da takardar boko wurin wanda ajami kaɗai ya iya.

Washegari muka ɗauki na'urar muka nufi wani ɗan shago da wani tsohon abokin aikina ya yi mini kwatance. Da can in za ka kai gyara a garin nan sai ka fara tambaya ko akwai mai a janareta, amma tun da aka buɗe babbar tashar wuta ta Akurba a 2022 abin ya yi sauƙi a unguwanni da dama, ranar kuwa mun taki sa'a akwai wuta. Mai shagon saurayi ne da bai wuce shekara talatin ba, ba shi da yawan magana. Abin da ya fara burge ni da shi, bai taɓa na'urar ba sai da ya yi tambayoyi. Me aka yi mata na ƙarshe? Da me aka zuba manhajar, filas ko faifan waje? Ta taɓa tashi bayan an zare shi? Wa ya taɓa ta bayan nan? Sa'an nan ya dubi yaron ya ce, "Akwai abin da in ya ɓata ba ka da shi a wani wuri?" Yaron ya ce akwai. Ya ce, "To, gyara sai anjima."

Ya juyo gare ni ya ce, "Baba, rashin tashi kala-kala ne. In ko fitila ba ta kama ba, wannan maganar caja ce ko batir ko allon ciki. In ta kama amma allo bai nuna kome ba, tana ƙara ko fitila na ƙiftawa, sai mu duba ram. In Windows ta fara tashi sa'an nan ta faɗi a shuɗin allo, sau da yawa an sauya yadda na'ura ke magana da faifai ne a cikin saiti. Amma taku ta nuna tambari, ta yi rubutu, ke nan ƙwaƙwalwarta lafiya. Saura mu ga ko tana ganin faifan." Ya kunna yana danna F2, domin kowane kamfani da maɓallin da ya zaɓa, wasu F10, wasu Esc, wasu Del. Saitin bayos ya buɗe, ga sunan faifan nan ɓaro-ɓaro da girmansa, gigabayit 500. Ya kara kunnensa a jikin na'urar, ba ƙas-ƙas ɗin da faifai mai mutuwa ke yi. Ya duba kwanan wata da agogo ya ga daidai su ke, ya ce ɗan batirin nan mai kamar kwabo da ke riƙe saiti yana da rai ke nan, domin in ya mutu na'ura kan manta saitinta duk sa'ad da wuta ta yanke mata.

Daga nan ya ɗauko filas mai ɗauke da Ubuntu, wani reshe na manhajar Linux wadda wani ɗalibi ɗan ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya fara a 1991, kuma kyauta a ke ba da ita. Amfaninta a irin wannan hali shi ne tana iya tashi daga filas ta yi aiki ba tare da ta rubuta ko harafi guda a faifan na'ura ba. Minti biyu ba a yi ba sai ga yankin D ya buɗe, ga jakar da yaron ya sa wa suna Keana, ga muryoyi 11 a jere. Mai gyaran ya danna ɗaya, sai muryar tsohuwar nan ta cika shagon, tana dariya tana gyara wa yaron yadda a ke faɗin wata kalma da Alagonci. Yaron ya sunkuyar da kai ya rufe fuska da hula. Ba wanda ya ce uffan har mai gyaran ya kashe. Na aiki wani almajiri ya sayo sabon filas, aka kwafe jakar duka, muka buɗe kwafin a wata na'ura muka tabbata yana aiki, na sa shi a aljihun gaban rigata. Sai a sa'an nan aka shiga gyara.

A nan akwai abin da ya kamata masu sababbin na'urori su sani. Da a ce faifan nan a kulle ya ke da makullin sirri na BitLocker, da Ubuntu ba ta ga kome ba sai an kawo lambobi 48 na buɗewa. Tun daga fitowar Windows 11 ta 2024, na'urori da yawa kan kulle faifansu da kansu in mutum ya shiga da asusun Microsoft lokacin zubi, lambobin kuma a cikin asusun su ke ajiye. Na san mutane da dama da wani yaron shago ne ya buɗe musu asusun, ba su san ko sunansa ba, balle kalmar sirrinsa.

Ya sa filas na zubin Windows, amma da allon farko ya fito bai ci gaba ba, sai ya danna Shift da F10 tare, wani baƙin akwati ya buɗe inda a ke rubuta umurni da hannu. Ya rubuta diskpart, kana list disk. Ya nuna mini wani gurbi a ƙarshen layin, ya ce in akwai tauraro a nan faifan GPT ne, in babu MBR ne. Babu tauraro. Ya sake duba yankunan, ga C da sabuwar Windows cikakkiya, ga D, ga kuma wani ɗan fili a farkon faifai wanda ba kowa, kangon yankin da aka share. Ba yankin da ke da alamar mai tayarwa, kuma fayilolin tayarwa ba su a C. Ya yi murmushi ya ce, "Baba, mabuɗin gidanku yana Makurɗi."

Bayaninsa shi ne, ɗan yankin da abokin ya share nan ne mazaunin fayilolin tayarwa. Da manhajar zubi ta nemi inda za ta ajiye sababbi, sai ta ga faifan waje a jone, shi ne ma wanda na'urar ta tashi daga gare shi, yana da alamar mai tayarwa, kuma a idonta faifan waje da na ciki duk faifai ne, sai ta zuba su a can. Shi ya sa na'ura ta yi ta tashi lafiya muddin faifan yana jone, da aka zare kuwa sarƙa ta tsinke. Ya ce da filas aka yi zubin da wuya haka ta faru, kuma duk na'urar da ke da faifai biyu, ƙa'ida ita ce a cire wanda ba a bukata kafin a fara.

Maganin bai kai tsawon bayanin ba. A cikin diskpart ya zaɓi yankin C ya rubuta active, watau ya ba shi alamar mai tayarwa. Ya fita ya rubuta wani umurni mai suna bcdboot, wanda ke kwafo fayilolin tayarwa daga cikin Windows ɗin kanta ya dasa su inda aka nuna masa. Yana cikin yi ya gargaɗi yaron cewa a wannan baƙin akwati haruffan yankuna kan sauya, abin da ka sani C ya iya zama D ko E, saboda haka sai an leƙa an tabbata kafin a rubuta kome. Ya ce akwai kuma wata kalma guda, clean, wadda masu koyarwa a intanet ke yawan cewa a rubuta, ita kuwa cikin ƙiftawar ido ta ke share jadawalin faifai duka ba tare da ta tambayi mutum ko ya tabbata ba. Ina jin ita ce mai gyaran farko ya yi niyya.

Ya zare filas ya kunna. Baƙin allo, da saƙon nan dai na jiya. Na ga gumi ya keto wa yaron. Mai gyaran ko a jikinsa, ya ce saura aikin wanda ya riga shi. Ya koma saitin bayos, ya tarar an mayar da na'urar sabon tsarin UEFI zalla, an kuma kunna tsaron tashi da ke tafiya da shi, alhali faifan na tsohon kundi ne. Ya ce ya lura da haka tun shigarsa ta farko, ya bari ne don mu ga cewa ciwo biyu ne a jere, na abokin da na mai gyara, kuma kowannensu shi kaɗai ya isa ya hana tashi. Ya kashe tsaron, ya mayar da ita tsohon tsari, ya sa faifan ciki a farkon jerin tashi, ya adana. Tambari ya fito, sai ga ɗigogin nan suna zagaye. N3,000 ya karɓa, na ƙara masa dubu ya ce a'a, sai da na ce kuɗin goro ne daga uba.

Ba a fita ba asara ɗungum ba. Babi na huɗu na aikin, wanda yaron ya ajiye a fuskar allo, a yankin C ya ke, ya tafi da fomatin. Mai gyaran ya gwada manhajar tono abin da aka share, amma sabuwar Windows ta riga ta kwanta a kan wurin, abin da aka tono guntaye ne marasa kai da gindi. Abin da ya cece shi, mako biyu kafin nan ya aika wa malamin da ke duba aikinsa kwafin babin ta WhatsApp, daga nan ya sauko da shi, ya kwana uku yana mayar da gyare-gyaren da ya yi bayan aikawar. Ya miƙa aiki ana saura kwana ɗaya.

Akwai wata magana da mai gyaran ya yi muna shirin fita wadda ta fi tsaya mini a rai, domin ta wuce gidanmu. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 ran 14 ga watan Oktoba, 2025, in ban da ƙarin wa'adin shekara guda da ya buɗe wa waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa, wadda ta fito a 2021, tana da sharuɗɗa. Ba ta karɓar tsohon tsarin bayos sai UEFI, tana neman wani ɗan guntun tsaro mai suna TPM 2.0, da ram gigabayit 4, da faifai gigabayit 64, a ɓangaren Intel kuma kusan sai ƙwaƙwalwa 'yar zuriya ta takwas zuwa sama, watau ƙirar 2017 ko bayanta. Ofisoshin Turai suna ta zubar da waɗanda ba su cika sharaɗi ba, mu kuma nan su ke sauka da araha. Samari na da dabarun tsallake sharuɗɗan, kuma yawancin na'urorin da ke zuwa shagonsa ba su tashi, in ji shi, daga wannan ƙoƙari ne, a juya saiti zuwa UEFI don a zuba sabuwar manhaja alhali faifai na tsohon kundi ne, ko a share faifai duka don a sauya kundin. Ya ce tun 2017 akwai wani umurni a cikin Windows 10 kanta, mbr2gpt, da ke sauya kundin ba tare da share kome ba, amma kaɗan ne suka san shi, kuma ko shi ba a yi sai an kwashe kaya tukuna.

Na tambaye shi ta ɗan ƙanwata fa? Ya juya ta ya duba takardar da ke manne a gindinta, ya ce 'yar zuriya ta shida ce, ko an sauya kundin ba ta cika sharaɗin Windows 11 ba. Shawararsa ita ce a bar ta yadda ta ke har yaro ya kare aikinsa gaban malamai, bayan nan a sa mata faifan zamani marar juyawa, a zuba mata Linux, za ta ƙara shekaru tana aikin rubutu da intanet. Yaron ya ɗan yi turus, wai abokansa ba wanda ke amfani da ita, kuma bai san ko manhajar lissafin da sashensu ke so za ta hau ba. Har yanzu ba su gama wannan muhawara ba, duk sa'ad da ya bi ta ƙofar shagon sai sun taɓa. Muryoyin matan Keana dai yanzu suna wuri uku, a na'urar, da filas ɗin da ke cikin akwatin takarduna, da wani kwafi da na sa ya kai wa jikar tsohuwar a garinsu.